Daga Ayari Zuwa Kanti: Abin da Ya Ci Manyan Kantuna a Ƙasar Damagaram

Tun da Shoprite ta rufe kantinta na Kano a Janairun 2024, shekara 10 kacal da buɗe shi, ake ta muhawara a kan abin da ke hana manyan kantuna ƙarko a ƙasar Hausa. Wasu na cewa talauci ne, wasu na cewa tsadar haya da wuta. Amsar ta girmi Shoprite, kuma daga Tanut ta ƙasar Damargu ana hango ta sarai.

Damargu ta san kayan ƙetare tun kafin a san kanti. Ayarin Abzinawa, musamman Kel Owi, kan ɗauko kayan Tarabulus ta Ghat da Abzin, ya ya da zango a Damargu, sannan ya wuce Damagaram da Kano. Fataken Gadamas sun zauna a Jajiduna suna sayen gashin jimina da fatu, gero kuwa yana tafiya arewa. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya karya wannan hanya, domin kayan Turai sun koma shigowa ta teku da araha.

Daga nan kamfanoni suka shigo: CFAO, wanda aka kafa a Marseille a 1887, da SCOA, da CNF, ɗan'uwan kamfanin UAC na Najeriya. Suka buɗe kantuna a Damagaram, Magariya da Maradi, suna sayar da atamfa, akoko, gishiri, sukari, kananzir da kwanonin sha. A nan ne nake ganin mutane ke kuskuren fahimta. Ba don ciniki da talaka aka gina waɗannan kantuna ba, don gyaɗa aka gina su. Kamfani ya ba wakilinsa kuɗi da kaya bashi, wakili ya kafa sikeli a ƙauye da kaka, manomi ya karɓi kuɗin gyaɗarsa, kuɗin kuma su koma kantin kamfanin ta hanyar tufafi da sukari. Shi ya sa harkar ta taru a kudu, inda gyaɗa ke yi. Damargu, ƙasar gero da bisashe, sai dai ta jira abin da fatake suka saro mata.

Bayan Nijar ta samu 'yanci a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta so ta ƙwace wannan riba daga hannun baƙi. A 1962 ta kafa SONARA don fitar da gyaɗa, ta kafa Copro-Niger don shigo da kayan masarufi da sayar da su a farashi mai sauƙi har cikin karkara. Niyyar mai kyau ce, kuma ban yarda da masu raina ta ba. Sai dai riƙe kanti a gari mai nisa da ma'aikaci mai albashi da farashin da aka tsayar daga Yamai abu ne mai wuya. A hankali Copro ta koma ba manyan 'yan kasuwa sari, su kuma su rarraba.

Akwai masu cewa rashin iya riƙo ne ya kashe kamfanonin gwamnati. Akwai masu ɗora laifin a kan fasa-ƙwauri daga Najeriya, ko tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980, ko karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Duk sun yi tasiri, amma mara lafiya suka tarar. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, su suka yanke jijiyar. Da gyaɗa ta tafi, kuɗin kaka suka tafi, kanti ya rasa mai shiga. A Najeriya ma Kingsway, wanda UAC ya buɗe a Legas a 1948, ya dogara ne da masu albashi, kuma bai jure faɗuwar naira bayan 1986 ba.

Wanda ya tsira shi ne wanda aka raina: Alhajin da ya fara da wakilcin gyaɗa, da ɗan tebur, da mai bin kasuwannin mako daga Bakin Birji zuwa Tanut da Belbeji. Yana sayar da sukari a ƙulli, mai a cokali, hatsi a tiya. Ya san wanda zai biya bayan girbi, ya san makiyayin da sai ya sayar da rago zai kawo kuɗi. Babban kanti ba ya ba da bashi, ba ya karɓar "rage mini", ba ya zuwa ta'aziyya.

Don haka ina kira ga hukumomin Damargu da su daina auna ci gaba da ginin gilashi. A gyara hanyar Damagaram zuwa Agadas da hanyoyin da ke shiga ƙauyuka, a yi wa kasuwanni rumfuna da ruwa da wurin ajiya, a sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa haraji. Su ne suka ciyar da wannan ƙasa kafin kamfanoni su zo, kuma su ke ciyar da ita yau.