Yadda Leda Ta Ceci Tsofaffin Littattafan Zane A Amurka

A shekarar 1938 aka fitar da Action Comics na 1 a Amurka, littafin labari cikin zane wanda Superman ya fara bayyana a ciki, kuɗinsa santi 10 kacal. Yara suka karanta suka yar. A 2024 sai ga shi an sayar da kwafi guda dala miliyan 6.

Abin da ya sa kaɗan suka rage, takardarsu irin ta jarida ce mai asid a jikinta, haske da zafi da danshi kan sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Shi ya sa masu tara littattafan suka koma adana su a leda.

Sai dai ba kowace leda ba. Ta PVC sinadarinta ɓata takarda yake. Ta polypropylene akwai araha, amma akan canza ta bayan 'yan shekaru. Wadda aka fi aminta da ita ita ce Mylar, da kamfanin DuPont ya fito da ita a shekarun 1950, a haɗa da kwali mara asid don kar littafin ya lanƙwashe.

Mai karatu, yawancin littattafanmu na soyayya na shekarun 1990 ma da takarda mai arahar aka buga su. Duk mai su a akwati ya leƙa su tun kafin su rududduge.