Hanya ta zo ta same mu: tarihin mai tafiya ƙasa da mota a Tessaoua da Mayahi

Yau maganar hanya za mu yi. Idan mota ta kaɗe mutum, abin da muka saba ji shi ne "ƙaddara ce" ko "shi ma bai duba ba", a yi ta'aziyya ko a je dubiya, kowa ya koma harkarsa. Mu musulmi ne, mun yarda da ƙaddara. Amma hanyar nan tana da tarihi, raunin da take yi wa mutane ma yana da dalilin da likitoci suka daɗe da sani. Mu ɗan waiwaya baya, mu ga yadda muka iso nan.

Lokacin da ƙafa ce ma'aunin tafiya

A watan Janairu na 1851, wani Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya iso Tessaoua tare da ayarin gishirin Abzinawa. Daga nan ya wuce Katsina da Kano. Ke nan tun wancan lokaci garinmu mahaɗar hanyoyi ne. Sai dai duk abin da ke bin hanyar, raƙumi ne, jaki ne, takarkari ne ko ɗan adam, tafiyarsu ba ta wuce kilomita 4 zuwa 5 a awa ba. Shi ya sa kakanninmu suka kafa kasuwa a bakin hanya, suka gina rijiya da masallaci a bakin hanya, yara suna wasa a nan. Hanya fili ce ta kowa. Wanda zai cutar da kai a kanta ɗan fashi ne ko ɗan hari.

Mota kuwa tun fitowarta ta fara da jini. A ranar 17 ga Agusta 1896, a birnin Landan na ƙasar Ingila, mota ta kaɗe wata mata mai suna Bridget Driscoll, ta mutu. Ana lissafa ta cikin masu tafiya ƙasa na farko da mota ta kashe a duniya. Gudun motar fa bai wuce kilomita 6 zuwa 7 a awa ba.

A ƙarshen shekarar 1924, ayarin motocin kamfanin Citroën guda 8, wanda Faransawa suka ba suna Croisière noire, ya ratso hamada ya bi ta Yamai, ya yada zango a Tessaoua a zamanin Sarki Barmu, kafin ya wuce Damagaram da tafkin Cadi. Sun ɗauki hotunan fada har sun sa a fim. Waɗannan suna cikin motocin farko da tarihi ya rubuta wucewarsu ta yankinmu. A lokacin abin kallo ce mota.

Hanyar da aka yi domin masu wucewa

Hanyoyin mota na zamanin mulkin mallaka da aikin tilas aka share su. Talakawa aka riƙa kwasowa daga ƙauyuka su sare itace, su ɗauko laterit a ka, ba lada. Sai a ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ake kira da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Ku lura da wannan: waɗanda suka gina hanyar da guminsu su ne masu tafiya ƙasa, kuma ba su aka gina wa ita ba. An yi ta ne domin kwamanda, da soja, da gyaɗa. Ƙasar Maraɗi ta zama cibiyar gyaɗa, kamyo-kamyo suna kwasa suna kaiwa Kano inda jirgin ƙasa yake. Bayan ƴancin kai na 1960 aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗar.

Sannu a hankali, gaɓa-gaɓa, aka shimfiɗa wa babbar hanyar ƙasa kwalta. Ita ce RN1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogondutsi, Birnin Konni, Madawa da Maraɗi, ta shigo mana ta Tchadoua, Aguié da Gazaoua, ta ratsa Tessaoua da Maijirgui, ta wuce Damagaram har Diffa da N'Guigmi. Ba wanda zai musa alherinta. Da ita mai haƙuri ke isa asibiti, da ita hatsi da wake da dabbobinmu ke isa kasuwa. Amma kwaltar ta bi tsohuwar turbar ayari ne, wato ta tsakiyar garuruwa, inda kasuwa da lakwal da masu tuyar ƙosai suke tun da can. Abin da ke tafiya kilomita 5 a awa ya koma yana gudun 90 ko 100, garin kuwa yana nan yadda yake. A wurare da yawa ba a ware wa mai ƙafa gefensa ba, ba a ware wa amalanke nata ba.

Daga baya kaya ya ƙaru. Tun shekarun 2000 babura masu araha suka cika gari da ƙauye, kabu-kabu ya zama sana'ar matasa. Manyan bas-bas na zirga-zirga tsakanin Yamai da Diffa suka yawaita. A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, manyan tankokin mai suka ƙaru a kan wannan hanya ɗaya tilo. Can ɓangaren Mayahi kuma, duk inda aka gyara hanya, daga wadda ta taso daga Tchadoua har hanyoyin kasuwannin ƙauye, abu na farko da ke ƙaruwa shi ne gudu. Ramukan da muke zagi jiya su ne ke tilasta wa direba taka birki. Da an toshe su, sai a nemi wani abin da zai maye gurbinsu, in ba haka ba mutanen bakin hanya su biya kuɗin gyaran da jikinsu.

Abin da mota ke yi wa jiki

Likitocin ƙashi sun lura cewa wanda mota ta kaɗe ba bugu ɗaya yake sha ba, yawanci uku ne a jere cikin ƙiftawar ido. In babba ne, ƙarfen gaban mota, wanda makanikai ke ce wa parshok, yana fara samun sa a ƙwauri ko a gwiwa. Nan ne ake samun karayar da ƙashi ke huda fata ya fito waje. Sai ƙafafu su tashi, cinya da ƙugu su bugi kapo, kai ya bugi gilashin gaba. Na uku, jiki ya faɗo kan kwalta, sau da yawa da ka. Raunin ƙafa shi ke nakasa mutum, na kai shi ya fi kisa.

Yaro kuwa gajere ne. Inda motar ke samun babba a ƙwauri, shi a cinya take samun sa, gaban motar ya daki ƙirji da ciki, a cilla shi gaba ya faɗi da ka. Tun 1971 wani likita mai suna Waddell da abokin aikinsa suka bayyana wannan haɗin raunuka uku, har yau da sunansa ake kiran sa a makarantun likita. Darasinsa shi ne, in ka ga yaro da karayar cinya bayan mota ta buge shi, kada ka tsaya a cinyar, a duba ciki da kai. Saifa ko hanta na iya fashewa jini yana zuba a ciki, waje ba ko ɗigo. Kamyo da bas da manyan motoci masu dogon gaba su kuma ba sa ɗaga mutum sama, tura shi suke yi ƙasa, taya ta bi ta kai.

Abin da ke raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba, mafi yawa gudu ne. In gudun mota ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninkawa yake yi huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce daga kilomita 50 zuwa 65 a awa kawai, haɗarin mutuwar wanda aka kaɗe yana ninkawa sau huɗu da rabi. Ga kuma lissafi mai sauƙi: motar da ke gudun 90 tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta hau birki, ya riga ya wuce rumfuna da yawa. Yarinyar da ta tsallako da farantin gyaɗa saboda fasinja ya kira ta daga tagar mota, ina za ta sa kanta?

Rahoton OMS na 2023 ya ce mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya ƙasa ne. Shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Bayan an kaɗe mutum

A nan ne nisanmu ke ƙara mana ciwo. Muna da CSI a garuruwa da asibitin gunduma a Tessaoua da Mayahi, amma babban rauni na kai ko na ƙashin baya sai an tura Maraɗi ko Damagaram. Daga Tessaoua ko'ina ka nufa cikin biyun, fiye da kilomita 100 ne. Don haka abin da mutanen wurin suka yi a mintocin farko yana da nauyi ƙwarai.

Kada a ja shi ta hannu ko ta ƙafa. In dole ne a kawar da shi daga kwalta, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi tare, ɗaya ya riƙe kai da wuya su zauna a miƙe da jiki, a ɗora shi kan ƙofa ko katako. Ƙashin bayan da ya tsage, naɗe mutum a kan babur na iya tsinke lakarsa, ya shanye har abada. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a riƙe. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki a ciwo. Mun san tausayi ke sa a ba shi ruwa, amma a haƙura, domin yana iya shaƙewa, kuma ƙila tiyata za a yi masa. Wanda ya tashi ya karkaɗe riga ya ce "ba komai, lafiyata lau", shi ma a kai shi a duba. Amai, yawan barci, ruɗewa, jini ta kunne ko hanci, ciki ya ɗaure yana ciwo, duk alamu ne na ɓarna a ciki.

Maɗoranmu na gargajiya sun daɗe suna yi wa al'umma aiki, ba mu raina su ba. Amma karayar da jaki ya yi da wadda kamyo ya yi ba ɗaya ba ne. In ƙashi ya fito waje, ko ya farfashe, ko ƙafa ta yi sanyi ta canza launi, a fara da asibiti: a wanke ciwon, a yi allurar tetanos, a ɗauki hoton ƙashi, wato radiyo. Ɗaurin da ya matse jijiya kwana biyu yana iya ƙarewa da yanke ƙafa.

Akwai kuma haƙƙin da da yawa ba mu sani ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar asirans ta CIMA a Yawunde a 1992. Dokarta ta wajabta wa mai mota asirans, ta kuma ce wanda aka ji wa rauni ba shi ke tuƙi ba, kamar mai tafiya ƙasa, ana biyan sa diyyar jikinsa ko da ya yi kuskure wajen tsallakawa, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Amma sai da takarda: konstar jandarma ko ƴan sanda, lambar mota, da takardun likita. Yafiya abu ne mai kyau, sai dai a san me ake yafewa, musamman in marayu ne za a bari ko magidanci ya daina noma. Kuma mu daina rufar wa direba da duka. Tsoron dukan ne ke sa wasu gudu su bar mutum kwance.

Rabon mai ƙafa a kan hanya

Duniya ta fara gyara kuskuren da ta yi. A watan Fabrairu 2020, taron ministoci a Stockholm na ƙasar Suwidin ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. A gida muna da hukumar ANISER mai kula da tsaron hanya.

Abin da ya dace da mu ba shi da tsada kamar kwaltar kanta. Tudun rage gudu na ƙa'ida, mai fenti da allon gargaɗi, a mashigar gari da gaban lakwal da kasuwa, domin wanda matasa ke ginawa da dare cikin fushi shi ma yana kayar da masu babur. Hukumomin gari su ja rumfuna da tebura baya kaɗan daga kwalta, su ware wa motocin haya wurin tsayawa ranar kasuwa. Fitila a inda jama'a ke tsallakawa. Amalanke ya samu abu mai ƙyalli a baya. Mu kuma da ke tafiya ƙasa, tunda motocinmu dama suke bi, mu riƙe hagu mu fuskanci abin da ke tahowa, da dare a riƙe tocila ko a kunna ta salula. Ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba, a riƙe hannunsa, kada a aike shi ƙetaren kwalta shi kaɗai.

Ƴan uwanmu direbobi da ƴan kabu-kabu, ku ma da kun sauka masu tafiya ƙasa ne, ƴaƴanku kuma suna tsallaka wannan hanya kowace safiya. Ratsa Maijirgui ko Gazaoua da gudun 30 maimakon 80 ba zai ci muku fiye da ƴan mintoci ba.

Lahadi ta uku ta watan Nuwamba ita ce ranar da duniya ke tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. Kafin ta zagayo, kowace unguwa da ke bakin kwalta ta zauna da mai gari, a nuna wuraren da aka fi kaɗe mutane, a rubuta, a kai wa hukumar gari da perefe. Mutanen wurin sun fi kowa sanin su.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya kai kowa gida lami lafiya. Amin.