Tarihin Binciken Numfashin Saiwar Tsirrai

Numfashin saiwa shi ne yadda ƙwayoyin halittar saiwa ke ƙona sukarin da ganye ya haɗa, domin samun kuzarin girma da na zuƙo sinadaran ƙasa. Saiwa ba ta ganin rana, don haka abincinta daga ganye yake saukowa, iskar oksijin kuwa daga ƴan ƙofofin ƙasa take samunta.

A 1779 likitan nan ɗan Holan, Jan Ingenhousz, ya lura cewa koren ganye yana gyara iska a cikin haske, saiwa kuwa gurɓata ta take yi dare da rana. A 1804 Nicolas-Théodore de Saussure na Jeniba ya nuna cewa saiwa tana shaƙar oksijin, kuma tsiro yakan mutu idan aka hana saiwarsa iska.

Sanin abin da ke gudana a cikin ƙwayar halitta ya jira ƙarni na ashirin. A 1929 Karl Lohmann ya gano ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzari. A 1936 Hoagland da Broyer a Kalifoniya suka nuna cewa saiwar sha'ir ba ta tara gishiri sosai sai da iska. Hans Krebs ya bayyana zagayen ƙona abinci a 1937, sannan a 1961 Peter Mitchell ya fayyace yadda mitokondiriya, wani sashe na cikin ƙwayar halitta, ke ƙera ATP. Daga nan aka fahimci cewa buƙata ce ke juya akalar numfashi: idan saiwa ta kashe ATP da yawa sai ƙonawa ta ƙaru, idan ya taru sai ta lafa.

Babbar matsala ita ce kwanciyar ruwa, wadda ke hana saiwa iska. Da oksijin, ƙwayar sukari ɗaya tana ba da ATP kusan 30. In babu, saiwa kan koma ga tsimi irin na yis, wanda ke ba da 2 kacal. A 1980 Sachs, Freeling da Okimoto suka nuna cewa saiwar masara, da zarar iska ta yanke, tana dakatar da haɗa yawancin furotin ɗinta, ta koma haɗa wasu kimanin 20 na lokacin ƙunci. A 2006 aka gano ƙwayar gado SUB1A a shinkafar Indiya mai suna FR13A, wadda ke sa shuka ta tattala abincinta a ƙarƙashin ruwa har kusan mako biyu. Da ita aka samar da irin Swarna-Sub1, wanda ya isa hannun manoman Indiya a 2009. A 2011 kuma ƙungiyoyin bincike biyu suka gano furotin da ke auna oksijin: iska na lalata su, rashinta na barin su su tada ƙwayoyin gadon tsira.

Shinkafa tana da hanyoyin iska a jikinta masu kai oksijin daga ganye zuwa saiwa. Shi ya sa take tsayawa a fadamar da ruwa ya kwanta, inda masara kan yi rawaya cikin ƴan kwanaki.