Zaftarewar dusar ƙanƙara: yadda take faruwa, da kamanninta da ruftawar ramin yashi

Zaftarewar dusar ƙanƙara ita ce sulluɓowar tarin dusar da ta lulluɓe gangaren dutse, wani lokaci da gudun da ya haura kilomita 100 a awa guda. A tsaunukan Alps na Turai kaɗai tana hallaka kimanin mutum 100 a shekara. Ba a ganin irinta a ƙasar Hausa, amma masu haƙar yashi da jar ƙasa a Birnin Kudu da Gwaram sun san 'yar'uwarta.

Dusar da ke kan dutse hawa-hawa take, kowace zuba da nata kauri da ƙarfi. Idan sanyi ya tsananta, wani hawa a ciki yakan koma tsaba-tsaba kamar sukari, ba ya kama juna. Daga baya iska ta jibge sabuwar dusa a kansa, ta daskare ta zama falle mai nauyi. Ido ba ya ganin raunin da ke ƙasa. Da zarar ya karye a wuri guda, tsagewar takan bazu cikin daƙiƙoƙi, fallen ya zame gaba ɗaya. Wannan ya fi aukuwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran da ake rasa rai, nauyin mamacin ko na abokan tafiyarsa ne ya tayar da ita.

Tun 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'aunin haɗari mai mataki biyar, kuma cibiyar SLF da ke Davos a Suwizalan na fitar da hasashe kullum a lokacin hunturu. Abin lura shi ne an fi mutuwa a mataki na uku, domin a na biyar kowa yakan zauna gida.

Wanda aka tono cikin minti 15 galibi yakan rayu. Bayan minti 35, kusan ɗaya cikin uku ne kawai. Sai dai gaggawar ma da nata haɗari. A Fabrairun 2020, a lardin Van na Turkiyya, zaftarewa ta biyu ta binne masu aikin ceto, mamata suka haura 40.

Haka lamarin yake a ramukanmu da gaɓar kogi. Laka ko jar ƙasa na zaune a kan yashi mai laushi, ruwan Agusta ya ƙara mata nauyi, mai haƙa kuma ya rarake gindinta don a nan yashi mai kyau yake. Tsagewar da ta bayyana a bakin rami ta sama alama ce cewa bangon ya riga ya rabu da ƙasar da ke riƙe shi, kuma tifa ko taron masu kawo ɗauki da suka tsaya a wurin sun isa su kayar da ragowar.