Tarihin Koyo ta Hanyar Aikatawa a Makarantun Firamare: Abin da Ƙasar Gwiwa ta Gada

1.0 Gabatarwa



Abin da ya jawo rubuta wannan takarda shi ne wani darasi da muka gani da idonmu a wata makarantar firamare ta ƙasar Gwiwa, a lokacin da muka je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Ɗalibin namu yana koya wa 'yan aji huɗu sassan tsiro, sai ya zana gero a kan allo da alli, ya rubuta saiwa da kara da ganye da zangarniya, yara suna maimaitawa da ƙarfi. Alhali kuwa damina ce, ga gero nan tsaye a bayan tagar ajin, kuma babu yaro ɗaya a cikinsu da bai yi noman fari ba a wannan shekara. Da muka tambaye shi dalilin da ya hana shi tugo ɗaya ya miƙa musu, sai ya ce shi ma haka aka koya masa.

Wannan amsa ita ce ta sa muka waiwayi tarihi. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa koyo ta hanyar aikatawa, watau yaro ya taɓa, ya auna, ya ƙera, ya gwada da hannunsa, an sha shigo da shi makarantun wannan yanki tun daga 1909, kuma ya sha mutuwa. Za mu nuna cewa cutar da ke kashe shi ɗaya ce, watau raba shi da ainihin karatu, a mayar da shi wani darasi na gefe wanda ba a jarrabawa a kansa.

2.0 Kafin Zuwan Boko

Gwiwa ƙaramar hukuma ce a masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa a 1819, tare da Roni da 'Yankwashi da ita kanta Kazaure. Tana iyaka da Jihar Katsina, kuma mutanenta manoma ne da makiyaya. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Kano, daga 1967 ta kasance cikin Jihar Kano, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Saboda haka tarihin ilminta ba ya rabuwa da na Kano.

Kafin boko, yaron wannan ƙasa yana da makarantu biyu, kuma dukkansu da hannu ake shiga cikinsu. A makarantar allo almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa daga sillen kara ko gamba, shi ke dama tawadarsa da gawayi da ƙaro, shi ke wanke allonsa ya shanya. Bai iya baƙi ba tukuna sai hannunsa ya iya zana shi. Makaranta ta biyu kuwa ita ce sana'ar gado. Ɗan maƙeri yana fara da zuga, sa'an nan a ba shi riƙon awartaki, kafin a sakar masa masaba. 'Yar mai ginin tukwane tana fara da kwaɓa yumɓu. A nan ba a san wani bambanci tsakanin sani da yi ba, domin wanda bai iya yi ba, ba a cewa ya sani.

3.0 Zamanin Ɗan Hausa da Elementare

A 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa ta Kano. Da Hausa ake koyarwa a cikinta, kuma tun farko an haɗa ta da sashen sana'o'i, inda ake koyar da kafinta da ƙira da gini da dukanci da ɗinki. Niyyarsa ita ce kada boko ya raba yaro da rayuwar mutanensa. Amma fa a nan ne aka dasa tsagar da muke magana a kai, domin malamai da 'ya'yan sarakuna suna wani sashe suna koyon rubutu da lissafi, masu koyon sana'a suna wani sashe dabam. Jama'a kuwa ba makafi ba ne. Sun ga wanda ya riƙe alƙalami shi ke zama malamin haraji ko magatakarda a En'e, shi ke hawa doki, wanda ya riƙe zarto kuma ya zama ma'aikacin da ake aike.

Wannan ra'ayi na daidaita ilmi da rayuwar karkara ya ƙara ƙarfi bayan rahoton kwamitin Phelps-Stokes na 1922, da kuma takardar manufar ilmi da Gwamnatin Ingila ta fitar a 1925 domin ƙasashen Afirka da take mulka, wadda shi Vischer ne sakataren kwamitin da ya tsara ta. Daga wajen 1930, da aka shirya makarantu zuwa elementare da midil, sai aikin hannu da gonar makaranta suka zama sashe na jadawalin elementare. Dattawanmu da suka yi wannan karatu suna tuna tufkar igiya da saƙar kaba da shukar gyaɗa a gonar makaranta.

To amma yaron da ya gama elementare a ƙasar Kazaure, burin iyayensa da na malaminsa shi ne ya sami shiga Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa. Jarrabawar shiga kuwa ba ta tambayar igiya. Don haka aikin hannu ya koma ƙarshen yini, lokacin da rana ta take, yara sun gaji. Bugu da ƙari, iyaye manoma suna da hujja mai ƙarfi. In dai noma da tufka za a koya wa yaro, ai a gida an fi malamin iyawa, me ya sa za a raba shi da kiwo?

4.0 Taron Kano na 1965 da Shirin Zariya

Bayan samun mulkin kai aka zo da wata fahimta dabam. A 1965 aka yi wani taro a Kano wanda daga gare shi ne aka ƙaddamar da shirin koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka, da taimakon wata cibiyar ilmi ta Amurka. Abin da ya bambanta wannan shiri da na Ɗan Hausa shi ne, ba sana'a ake son yaro ya koya ba, tunani ake son ya koya ta hanyar hannunsa. Ɗaya daga cikin shahararrun darussan shirin an gina shi ne a kan ƙwaron nan mai haƙa ɗan rami kamar mazurari a cikin rairayi yana farautar tururuwa. In yaro ya tambayi malami abin da ƙwaron ke ci, ko yadda yake haƙa raminsa, sai malami ya mayar da shi ga ƙwaron, ya sa shi a kwanon rairayi, ya zuba ido, ya gwada, ya faɗi abin da ya gani.

A 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Ikko. Sa'an nan daga 1971 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da UNICEF da UNESCO, ta soma shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa shida na wancan lokaci, har da Jihar Kano. An fara da makarantun gwaji 'yan kaɗan. An rubuta littattafan jagoran malami da Hausa da Turanci, aka sa yara cikin ƙungiyoyi suna ƙirga tsakuwa, suna auna ruwa, suna ginin yumɓu. Mafi muhimmanci, an naɗa masu horar da malamai na tafi-da-gidanka, waɗanda ke bin makarantu suna zama cikin aji tare da malami, suna nuna masa yadda ake yi. A ganinmu, wannan shi ne karo na farko da aka ɗinke tsagar 1909, domin aikin hannu ya zama ƙofar shiga lissafi da kimiyya da harshe.

5.0 Ambaliyar 1976 da Abin da ya Biyo Baya

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tanadi domin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Kano a wannan lokaci ne suka fara ganin aji, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa. Amma malamai ba su isa ba, sai aka riƙa ɗaukar waɗanda aka yi wa horon gaggawa da waɗanda ba su da horo sam. Shirin da aka gina a kan mai horarwa ya zauna da malami a aji ba zai iya bin dubban sababbin makarantu ba.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka sake dubawa a 1981, ta tanadi cewa a koyar da 'yan firamare ta hanyar aikatawa da bincike da gwaji, a kuma fara da harshen uwa. Magana ce mai kyau a takarda. Sai dai kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu na 1986, albashin malamai ya riƙa makara, har aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988 domin ceto lamarin. Malamin da ke gaban yara fiye da ƙima, babu alli isasshe, abin da ya rage masa shi ne haddar baki.

Mu da muka yi firamare a shekarun 1990 mun ga ƙarshen wannan tafiya. Darasin aikin hannu yana nan a jadawali, amma ma'anarsa ita ce kowane yaro ya kawo tsintsiya ko mafici a ƙarshen zango. Wanda uwarsa ta saya a kasuwa da wanda ya yi da kansa makinsu ɗaya, daga baya ma a wasu wurare kuɗi kawai ake karɓa. Gonar makaranta kuwa ta zama wurin horon wanda ya makara. Yaron da aka hora da fartanya, yaya za a ce masa fartanya kayan karatu ce?

Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun kawo gine-gine da littattafai. Haka kuma shirin ESSPIN da Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017, wanda Jigawa na cikin jihohinsa shida, ya sake farfaɗo da aikin ƙungiya da kayan koyarwa na gida da ziyarar masu taimaka wa malami a aji. Duk wanda ya san shirin Zariya na 1971 zai ga kamar shi ne ya dawo da sabon suna, kuma shi ma yana da ranar ƙarewa, kamar kowane shiri da ke dogara ga kuɗin waje.

6.0 Darasin da Tarihi ya Bari

Idan muka tattara abin da ya gabata, za mu ga abubuwa uku. Na farko, duk lokacin da aka ware aikin hannu aka ba shi nasa lokaci dabam, yakan zama shara ko horo ko haraji. Na biyu, abin da ba a aunawa a jarrabawa, malami da iyaye ba sa ɗaukarsa karatu. Na uku, malami yana koyarwa ne yadda aka koyar da shi, kuma wannan laifi a ƙofarmu yake, mu malaman kwalejojin ilmi. Tun da aka daina takardar malanta mai daraja ta biyu, NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ta hannunmu kowane malamin firamare ke bi. Mu ne ke tsayawa gaban ɗalibai ɗaruruwa muna yi musu shifta a kan amfanin koyo ta hanyar aikatawa, su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa.

Rashin kuɗi gaskiya ne, amma ba shi ne dukkan labarin ba. A wata makarantar ta wannan ƙasa ta Gwiwa mun ga wata malama tana koyar da rabi da kwata da kwanon awo da gwangwanin madara da rairayi, yara suna cikawa suna juyewa suna gardama a kan gwangwani nawa ke cika kwano. Gurbin dara, layi 5 sau 6, ya isa ya nuna wa yaro yadda ake samun 30 kafin ya haddace jadawalin sau. Sandar da aka kafa a filin makaranta, a riƙa auna inuwarta da hantsi da azahar da la'asar, darasi ne na awo da na tafiyar rana baki ɗaya. Yaron da ya ƙera motar kara ya riga ya san cewa ƙafafun sai sun yi daidai, saura a ba shi sunan abin da ya sani.

7.0 Kammalawa

Muna ba wannan taro shawarwari uku. Kwalejoji su wajabta wa kowane ɗalibi ya koyar da darasi da kayan da ya tara da hannunsa kafin a tura shi gwajin koyarwa, kuma a ba wannan maki mai nauyi. Hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi su mayar da masu duba makarantu masu zama cikin aji suna nuna yadda ake yi, da kuɗin jiha, domin kada aikin ya tsaya ranar da baƙi suka tafi. Sa'an nan a sa aikin da yaro ya yi da hannunsa a gaban malami cikin makin lissafi da kimiyya, a kuma haramta yin horo da gonar makaranta.

Shi kuwa ɗalibin namu, da muka koma bayan mako biyu, mun tarar da tushen gero guda shida a kan benci, yara sun kewaye su suna ƙirga gaɓoɓin kara, wata yarinya tana gyara masa sunan wani sashe da ya faɗa ba daidai ba. Allah ya sa mu dace.