Daga Tangarahon Tashar Jirgi Zuwa Rautar Falo: Yadda Waya Ta Shigo Gidajen Minna

Jirgin ƙasa ne ya fara jawo waya zuwa Minna. A shekarar 1907 Turawan mulkin mallaka suka soma shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa ta Minna, ya isa Kano a 1911. A Minna ne kuma ya haɗu da layin da ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru, sai garin Gwarawa ya zama mahaɗa, ya cika da leburori da 'yan kasuwa, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Inyamurai. Kafaɗa da kafaɗa da dogon, an kafa turakun wayar tangaraho, domin shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai ya ji daga tasha ta gaba cewa hanya a buɗe take.

Wannan waya ta gwamnati ce da ta ma'aikatan reluwe. Talaka kuwa sai dai ya nemi mai rubuta wasiƙa, ko ya ba matafiyi sallahu.

Haka aka daɗe. Ko da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni, wayar tarho ba ta wuce sakatariya da bankuna da gidajen manya ba. A 1985 aka kafa kamfanin waya na gwamnati, NITEL, kuma dattawan garin har yau suna tuna lambar Minna, 066. Mai son magana da ɗansa a Kaduna ko Legas zai je ofishin NITEL ya bi layi, ko ya roƙi maƙwabcin da ke da wayar girke, a sa rana da lokaci, ya je ya zauna a falon mutane yana jiran ƙararrawa. Kafin 2001 layukan waya a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar ta haura miliyan 100.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Da sabis ya iso Minna, sai lemomi suka tsiro a bakin titi: teburi, kujera, waya ɗaya, da yarinya ko saurayi yana duba agogo yana lissafin minti. Zuwan Glo a 2003 da cajin daƙiƙa ya karya farashi, sannu a hankali waya ta bar ƙarƙashin lema ta koma aljihu.

Intanet kuma ta ƙofar kafe, wato shagon intanet, ta shigo, kuma ɗalibai ne suka riƙe mata fitila. Minna gari ne na karatu: Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan tun 1983, a Bosso sannan a Gidan Kwano, kuma hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO, wadda aka kafa a 1999, a cikin garin take. Da duba sakamako da rajistar JAMB suka koma ta kwamfuta, sai kafe ya zama dole ga kowane gida mai ɗan makaranta. Wanda ya shiga irin waɗannan shaguna a Bosso ko Tunga ba zai manta ba. Za ka biya kuɗin minti talatin ko awa ɗaya, a miƙo maka 'yar guntuwar takarda mai lambobi, ka buga, ƙaramin agogo ya fito a kusurwar allo yana cin lokacinka tun shafin bai gama buɗewa ba. A waje janareto na ruri, a saman rufi ga faifan tauraron ɗan'adam da ake janyo sabis ɗin da shi. Masu aikin kammala digiri kan sayi dare guda, su kwana a kan kujera, don da tsakar dare ya fi sauri, ya fi arha.

Abin da ya sauya lissafin ya faru ne a ƙarƙashin teku. A 2010 wayoyin Main One da Glo-1, waɗanda aka shimfiɗo daga Turai zuwa gaɓar Legas, suka fara aiki, farashin intanet ya fara sauka. Modem ɗin da ake soka wa kwamfuta ya bazu, BlackBerry ta yi zamaninta, wayoyin Android suka mamaye kasuwa, kafe da yawa suka koma shagunan buga takardu da cike fom. Kullen korona na 2020 ya ƙarasa aikin: da makarantu da ofisoshi suka rufe, magidanta suka gane cewa hotspot ɗin waya ɗaya ba zai ɗauki mutum shida ba.

To, a nan aka shiga sabon babi, domin aikin da a da injiniyan NITEL ko mai kafe ke yi, yanzu ya faɗo wuyan masu gida. Abin da aka fi saye a shagunan waya na wajen shataletalen Mobil shi ne MiFi na aljihu, ko rauta mai cin layin waya, wadda ke kamo sabis daga ƙarfen kamfani ta raba shi a gida ta Wi-Fi. Mai saye na farko yakan ajiye ta a ƙasa bayan talabijin, ko a uwar ɗaka don kada yara su taɓa, sannan ya ce sabis ba shi da kyau. Bulo da kankare da ƙofar ƙarfe duk suna cinye siginar. Masu haɗawa kan zagaya da na'urar ɗaki-ɗaki suna kallon fitilunta, har su sami tagar da ta fi kamawa, su ɗora ta a sama, kusa da tsakiyar gida yadda kowa zai samu. Idan rautar mai hanya biyu ce, ta 2.4 ta fi ratsa bango da nisa, ta 5 kuma ta fi gudu ga wanda ke kusa.

Sai maganar kalmar sirri. Kowace rauta tana zuwa da suna da lambobi a manne a bayanta, kuma akwai wata kalmar daban ta shiga shafin sarrafa ta, wadda sau da yawa kamfani kan bari mai sauƙin zato. Gidan da bai canza su biyun ba, ya wayi gari samarin layi sun yi dandali a jikin katangarsa, datar wata guda ta ƙare cikin mako. A wannan shafin ne uwargida ko maigida za su ga duk wayar da ta hau, su cire baƙuwa, su kuma gane cewa bidiyo da sabunta manhajoji ne ke shanye kaso mafi tsoka.

Wuta ita ce ragowar matsalar. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji ta 1968, da Shiroro ta 1990, da sabuwa ta Zungeru mai megawat 700, amma mazauna Kpakungu da Maitumbi da Chanchaga sun san yadda ake ɗauke ta ba sallama. Shi ya sa mai sayen rauta yakan haɗa da ƙaramin batirin da zai riƙe ta na wasu awanni, ko ya jona ta da sola.

A watan Janairun 2023 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, faifan tauraro ya sake hawa rufi, wannan karon na gidaje da ƙananan ofisoshi. Tsadarsa ta sa ya tsaya a hannun masu hali. A farkon 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Ga amsar da ɗaliban Gidan Kwano da 'yan gidan haya suka samo: a yi karo-karo a sayi rauta ɗaya, a ajiye ta a ɗakin tsakiya, a ba mutum ɗaya amanar kalmar sirri, ƙarshen wata kowa ya kawo kasonsa.