ALAMOMIN 'YAN'UWANTAKA A BANGAYEN TSOFAFFIN GINE-GINE

 Ina so in yi amfani da wannan fili da editan mujallarmu ya ba ni in yi tsokaci a kan wani abu da na gani da idona a garinmu Lausu, cikin ƙasar Rano, wanda har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Akwai wani tsohon zaure na ƙasa da muke wucewa ta gabansa tun muna yara in za mu makarantar allo. A saman ƙofarsa magini ya zana tauraro mai tsini shida, ya kewaye shi da dagi, ya kuma ɗora zanko a kowace kusurwa. Da na je gida hutun Sallah sai na tarar an kankare tauraron an shafe wurin da siminti. Da na tambaya, sai wani matashi daga cikin jikokin mai gidan ya ce mini, "Baba, ai alamar matsafa ce, a waya muka gani." Na yi shiru, domin na san kakansa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba a raba shi da sahun farko. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihi, mu san su wane ne suke sa alama a gini, kuma me suke nufi da ita.

Ƙungiyar da matashin yake nufi ita ce ta Firimason, wadda asalinta daga Turai ne. Ma'anar sunan ita ce 'yantattun magina. A zamanin da ake gina manyan majami'u da fadoji na dutse a Ingila da Faransa da Jamus, masu sassaƙar dutse suna da ƙungiyarsu ta sana'a, kuma kowane gwani yana da 'yar alamarsa da yake sassaƙawa a jikin dutsen da ya gyara, domin a ƙirga aikinsa a biya shi. Har gobe ana ganin waɗannan alamomi a bangayen tsofaffin gine-ginen can. Da tafiya ta yi tafiya sai attajirai da masu mulki da ba su taɓa riƙe guduma ba suka shiga ƙungiyar, ta koma ta zumunci da rantsuwa da sirri. A shekarar 1717 rassa huɗu suka haɗu a Landan suka kafa babbar cibiyarsu ta farko.

Saboda wannan asali, alamominsu duka kayan aikin magina ne. Babbar alamar ita ce sikwaya da kamfas a haɗe, bakin kamfas yana kallon ƙasa, sikwaya tana kallon sama, wani lokaci da harafin G a tsakiya. Akan ga ginshiƙai biyu a bakin ƙofa, da daɓe mai ɗigon fari da baƙi kamar na dara a cikin ɗakin taro, kuma mambobi sukan ɗaura wani ɗan walki irin wanda maƙeranmu suke ɗaurawa. Ɗakin taron yakan zama ba taga, ko kuma tagoginsa suna can sama inda mai wucewa ba zai leƙa ba. Ƙungiyar ta iso Ikko a shekarun 1860, daga baya ta biyo ma'aikatan mulkin mallaka zuwa garuruwa irin su Kaduna. A ƙasar Yarbawa kuma akwai Ogboni, wadda wani limamin coci mai suna Ogunbiyi ya kafa sabon reshenta a 1914, alamarta kuwa gumaka biyu ne na tagulla, mace da namiji, da aka haɗa da sarƙa. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan ƙungiyar asiri, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 bai ba kowa 'yancin kafa irin wannan ƙungiya ko shiga cikinta ba. To mai karatu ya lura, duk cikin waɗannan babu wadda ta taɓa gina zauren ƙasa a ƙauyen Rano.

Waɗanda suka gina mana zaurukanmu su ma 'yan'uwan juna ne, amma 'yan'uwantakarsu a fili take. A ƙasar Hausa kowace sana'a tana da shugabanta wanda sarki yake naɗawa: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. Sana'ar gini gado ce, yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya yi shekaru a bayan ubangidansa kafin a yarda ya ɗaura bakan gizo ko ɗaurin guga da azara. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin Zariya. A Kano kuwa ga Gidan Rumfa da Gidan Makama, waɗanda asalinsu yake komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma duk wanda ya ɗaga kai a cikin sorayensu zai ga aikin hannun waɗannan gwanaye.

Mu mutanen Rano muna da hannu a wannan sana'a ta wata fuska. Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, wato masu rini. Katsin da ake kwashewa daga ƙasan karofi shi ne ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Ashe ke nan bango guda ɗaya yana ɗauke da gumin marini da majemi da magini gaba ɗaya.

Abin da maginanmu suke zanawa yana da ma'anarsa. Dagi ado ne da ake gani a gaban riga da jikin fata da bango tun kafin gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta mai da shi tambarinta. Takobi da sanda sukan nuna gidan sarauta, allo kuma gidan malamai. A shekarun 1950, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun mutane, sai aka fara ganin keke da mota da agogo da jirgin sama a fuskokin gidaje a Kano da Zariya, mai gida yana sanar da duniya abin da ya mallaka ko kuwa cewa ya sauke farali. Kowane gwani yana da salonsa, har tsofaffi sukan kalli zaure su faɗi sunan wanda ya gina shi ba tare da an gaya musu ba.

Akwai kuma 'yan'uwantaka ta uku, wato ɗariƙun Sufaye, waɗanda mabiyansu suke kiran junansu ikhwani. Su ma suna da gine-ginensu, zawiyoyi, kuma mai lura yakan gane su. A zawiyar Tijjaniyya za ka tarar da farin ƙyallen da ake shimfiɗawa lokacin wazifa, sau da yawa kuma da hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji a 1937, ya rasu a 1975. A wajen Ƙadirawa kuwa bandiri da tutocin Maukibi ne za su gaya maka inda ka shigo, kamar a Gidan Ƙadiriyya na Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Waɗannan ƙofofinsu a buɗe suke, kuma zikirinsu har a kan titi ake jin sa.

Yanzu bari mu koma kan tauraron da aka kankare. Malamanmu suna kiransa hatimin Annabi Sulaimanu, kuma ya daɗe a ƙasashen Musulmi, daga Maroko har Turkiyya, a jikin masallatai da kuɗi da littattafai. Yahudawa ma suna amfani da shi, ya hau tutar Isra'ila a 1948, 'yan Firimason su ma sukan sa shi a wasu kayansu. Amma a nan ƙasar ya riga duk wannan zama sananne. Gwamna Lugga da kansa ya rubuta cewa ya ga alamar ne a murfin wata butar tagulla da sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Kwantagora a 1901. Daga nan ya sa ta a tutar Nijeriya bayan haɗewar 1914, ta zauna a kai har 1960. Waɗanda suka girme mu, da mu kanmu da muka riski sule da sisi, mun tuna kwabo da anini masu huji a tsakiya. Wannan tauraro ne a bayansu, kuma an ci gaba da kashe kwabon har zuwan naira a 1973. Saboda haka maginin da ya zana shi a Lausu, ko dai daga allon malaminsa ya ɗauko, ko kuwa daga kwabon da ke aljihunsa.

Darasin da ke nan shi ne alama guda takan yi ma'ana daban-daban a hannu daban-daban, kuma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kafin mutum ya yanke wa bango hukunci, ya kamata ya tambayi wanda ya gina shi, da shekarar da aka gina shi, da kuma sauran alamomin da suke kewaye da wadda ta ɗaure masa kai. Sikwaya da kamfas a kan ginin dutse mai rufaffun tagogi a tsohuwar unguwar Turawa magana ce daban. Tauraro a tsakiyar dagi a kan zauren makuba, kusa da masallacin unguwa, ita ma magana ce daban.

Abin baƙin ciki shi ne waɗannan bangaye suna ƙarewa. Kowace damina sai wani soro ya zube, wanda ya tsira kuma a rushe shi a sa bulo da kwano, ga maginan ƙasa sun tsufa kuma 'ya'yansu sun koma birkiloli. Don haka ina roƙon 'yan'uwa da ke Lausu da Rurum da Saji da Kibiya da Tarai da cikin garin Rano, kowa ya ɗauki hoton tsohon zauren da ya rage a unguwarsu kafin ruwa ya sauka, ya zauna da dattijon gidan ya rubuta sunan maginin da zamanin sarkin da aka yi ginin. A miƙa wa sakataren ƙungiya, mu tara su a ɗakin karatun makarantarmu, domin ɗaliban da ke can yanzu su san abin da suke kallo kafin wani ya ba su tsoro da shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara mana zumunci.